Mai Aski Ya Tafi Ya Bar Ni a Cikin Kwale-kwale

Yau Asabar. Kumburin ƙafa ya ɗan sauka, tarin ne dai bai sake ni ba, amma hannu yana iya riƙe alƙalami.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyu ga wata, maƙwabcina Direba ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce Mai Aski ya faɗi a shagonsa da hantsi, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Mai Aski, ɗana, kai da kake tallafe ni in zan miƙe, kai ne ka riga ni.

Aski ne ya haɗa mu. Da ƙafa ta hana ni fita, kai ka riƙa zuwa ɗakina da jakarka. Wata rana ka zazzage wasu 'ya'yan ludo masu fuskoki barkatai a kan teburina, na ce maza ka kwashe, ba a caca a ɗakina. Ka yi dariya har da riƙe ciki. Ka ce, "Baba, labari ne za mu yi, amma kai ma kana ciki." Ka shimfiɗa taswirar da ka zana da hannunka, ka tambaye ni wa nake so in zama. Na ce matuƙin kwale-kwale, saurayi mai ƙirji. Tun daga ranar, duk Asabar sai ka zo da Direba da Tela, wata baiwar Allah mai ɗinki kusa da shagonka, ku cika mini ɗaki da hayaniya. Ka sake rubuta takardata ta wasan, mai bayanin matuƙin, da manyan haruffa saboda idona. Ni da ba na iya zuwa bakin titi, na haye koguna, na yi dambe da 'yan fashi, na taɓa ɗaukar Direba a kafaɗa na tsallake gada tana cin wuta!

Amma abin da ya sa wasanka ya fita daban shi ne tarkon da kake ɗana wa zuciya. In faɗa ne ko tsalle, sai ka ce a jefa ludo. In aka zo wurin zaɓi tsakanin abu biyu masu ciwo, sai ka dafe 'ya'yan ludon da tafin hannu, ka ce wannan ba nasu ba ne. Kuma ba ka taɓa yarda a amsa a ranar ba. Sai ka naɗe taswira ka ce kowa ya je ya kwana da tambayar. A cikin wasan Direba ya taɓa sakin wani ɓarawo don tausayi, ya yi mako yana yabon kansa, can gaba sai ga ɓarawon ya ƙone rumbun marayu. Ranar Direba ko sallama bai yi mana ba.

To, ga inda ka bar ni Asabar da ta wuce. Ambaliya ta ci gari, kwale-kwalena saura wurin mutum ɗaya. A kan rufin wani gida ga maci amanar da ya sayar da mu, amma shi kaɗai ya san inda maganin annobar da ke kashe yaran ƙauye yake. Kusa da shi ga maharbiya, wato Tela, wadda ta taɓa janyo ni daga bakin kada. Na yi wuf na ce ni zan sauka su shiga. Ka girgiza kai, ka ce duk cikinsu ba mai iya tuƙi. Tela ta nuna ni da yatsa ta ce, "Baba, bar ni a ruwan nan ka ga mai sake ɗinke maka aljihu." Muka kwashe da dariya, ka naɗe taswira.

Ɗana, na kwana da tambayar kamar yadda ka ce, na tashi da ita, na sha magani da ita. Rabon da wani abu ya hana ni gyangyaɗin rana haka har na manta. Kuma na samu amsa! Maci amanar zan ɗauka. Zan bar maharbiya a kan rufin, saboda yaran. Na san dokarka, ba a aika amsa, sai an dubi idon mutum an faɗa. Don haka na sa Direba ya gaya wa Tela ta zo yau bayan azahar, in faɗa mata da bakina, ta yi mini duk tsiyar da za ta yi. Abin da za ka ƙulla mini bayan wannan zaɓi ne ba zan taɓa sani ba, kuma na tabbata ka riga ka tanade shi kana murmushi.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sauƙaƙa maka tambaya kamar yadda ka sauƙaƙa wa tsoho zaman ɗaki. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka da 'ya'yanka da abokan aikinka na shago. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya abin da ka bari.

An yi la'asar, rana ta bar tagata. Na share tebur, na jawo kujera. Tela ba ta zo ba.