Humrar Hajiya a Cikin Inji

Har gobe ba zan manta da ranar da maigida ya tura ni Gwandu saboda wani ɗan inji da bai kai tulu girma ba. Ku yaran shago, ku saurara. Ni na tsufa a kan bencin nan na Kalgo ina gyaran fanka da rediyo, shagon kuma har yau ba nawa ba ne. Boko ma a tsakiyar sakandare na ajiye shi. Amma hancina yana aiki.

Malam Nasiru, ma'aikaci a jami'a, shi ya saya wa mahaifinsa Baba Dikko injin, saboda tari da haɓon da ke damunsa lokacin ɗari. Ga wanda bai sani ba, ruwa ake zuba masa, ya riƙa fesa shi kamar hayaƙi don iskar ɗaki ta rage bushewa. Iyakar aikinsa ke nan. Ba ya sanyaya ɗaki, ba ya korar sauro, kuma ba magani ba ne. Amma je ka faɗa wa mutanenmu.

A kawo shi a toshe, in wanke, a mayar, ya sake dawowa. Ƙa'idar aikin ita ce ka zare wuta, ka zubar da ruwan, ka goge ɗan faifan da ke gindin tanki. Kullum sai in tarar da wani maiƙo mai ƙamshi a kansa. Tarin tsoho kuwa gaba yake yi. Malam Nasiru ya ce in bai samu sauƙi ba, zai ɗauko shi zuwa Kalgo a rufe gidan Gwandu. Maigida ya ce, "Ummaru, hau mashin ka gano mana da idonka."

Na tarar da ɗaki a rufe ruf, taga a cushe da tsumma, bango har gumi yake yi, inji na ta aman tururi. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, me kake zuba wa abin nan?"

"Ruwa."

"Ruwa da me?"

"Kai mai gyara ne ko alƙali?"

"Mai gyara ne, Baba, wanda ya gaji da wanke mai."

Ya yi tari mai tsawo, sannan ya sa hannu ƙarƙashin matashi ya zaro wata 'yar kwalba, saura kaɗan a gindinta. Humra ce. Matarsa marigayiya Hajiya ce ta haɗa ta da hannunta. Ya ce, "Da Nasiru ya kawo abin ga, na ɗauka kaskon turare ne na zamani. In na kunna, ɗakin sai ya koma kamar yanzu ta fita."

Kun san ni, ba ni da taushin baki. Na ce, "Baba, man nan da kake shaƙa a rufaffen ɗaki shi ke tayar maka da tari. Ka ci gaba, wata mai zuwa kana Kalgo, a ɗakin da ba ta taɓa takawa ba. Kwalbar ma inji ya kusa shanye ta."

Ya daɗe yana kallon kwalbar. "To mi za a yi, sarkin faɗa?"

Na buɗe taga, na wanke tanki, na zuba tafasasshen ruwa da ya huce. Na ce a sauya shi kullum, a daina barin injin a kunne yini guda, kuma a je asibiti a duba ƙirji. Sannan na tambaya ko akwai mayafinta. Ya ciro shi daga akwati. Na ɗiga humra ɗigo ɗaya a gefensa, na rataye shi a ƙusar bayan ƙofa.

Ya ce, "Wa ya gaya maka nan take rataye shi?"

"Ƙusa ɗaya ce a ɗakin, Baba."

Ya yi dariya har sai da tarin ya katse shi.

Injin bai sake dawowa shago ba. Malam Nasiru ya zo ya yi wa maigida godiya, ni ko kallo ban samu ba, na saba. Baba kuwa yana nan gidansa, duk wanda ya taho daga Gwandu sai ya ce a gaida sarkin faɗa.

Abin da na koya shi ne, in kaya ya yi ta dawowa da ciwo iri ɗaya, ku bar bincikar wayoyin cikinsa, ku je ku ga ɗakin mai shi. Ku tambaye shi a hankali, ba irin tawa tambayar ba. Da na biya ta Gwandu kwanakin baya, Baba ya nuna mini kwalbar. Har yanzu da saura.