Ranar da Sama'ilu Ya Buɗe Bonet

A tashar Ɗambatta in ka ce Sama'ilu direba, sai a tambaye ka wanne. In ka ce Sama'ilun Mika'ilu, ko mai sayar da rake zai nuna maka shi. Haka ake kiransa tun yana saurayi, haka ake kiransa yau da furfura ta cinye masa gemu, ko da yake Mika'ilun ya riga mu gidan gaskiya. Yanzu duk direban da fambel ɗin motarsa ya tsinke Sama'ilu yake nema. Zai zo ya sa, ya goge hannu ya tafi, ba hira. Sababbin zuwa tashar suna ɗauka haka Allah ya yi shi.

Su biyu ne maza a ɗakin Inna Kulu, a wani ƙauye arewa da Ɗambatta, inda gonar wannan take jingine da dangar wancan. Abin da mahaifinsu ya bari bai isa ciyar da gida ɗaya ba, balle biyu. Suka sayar da shanun huɗa, suka haɗa da na cirani, suka sayi tsohuwar bas 'yar Kwatano. Tun ranar suka raba aiki: daga gilashi zuwa baya na Sama'ilu, daga gilashi zuwa gaba na yayansa. Tuƙi kam Sama'ilu ya iya, wannan ba a ja. Amma bonet, ko wajen buɗe shi sai ya laluba. In mota ta tsaya a hanya, aikinsa ya nemi inuwa ya riƙe fasinja da labari, Mika'ilu kuwa ya naɗe hannun riga ya shige inji. Direbobi suna yi masa tsiya, wai direban gwamna. Ko a jikinsa.

"Allah ya ba ni yaya," yakan ce, "me zan yi da baƙin mai?"

Sai shekarun nan suka zo, aka cire tallafin mai, masara ta fi ƙarfin wanda ya noma ta. Motoci suka kwanta a tasha, awaki suka samu wurin kwana a ƙarƙashinsu. Mika'ilu ya dinga lallaɓa tasu da waya da roba da addu'a, tana tafiya. Jikinsa ne ya ƙi lallaɓuwa. Ƙafafu suka kumbura, aka yi na gida har aka gaji, aka ce ƙoda ce. A tsakiyar bazara Sama'ilu ya cire kujerun baya, ya shimfiɗa katifa, ya kai shi asibiti a Kano. Inna Kulu ba ta bi su ba, tsufa ya hana ta zaman mota.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, Mika'ilu ya cika. Sama'ilu ya tsaya a bakin gadon yana jiran ya ji wani abu a ransa, bai ji ba. Ya kira maƙwabcinsu Nababa a waya ya ce a faɗa wa Inna, a haƙa kabari, ga shi nan tafe. Can Nababa ya sake kira. Ya ce Inna abu ɗaya ta roƙa: kada a fita da gawar sai an shigar mata da ita ɗaki, ta dafa shi ta yafe masa. Sama'ilu ya ce to.

Man da ke tanki kaɗan ne, saboda haka ya bar kwalta ya bi wata hanyar burji da take yanke. Rana ta take tsaka sai ya ji fas a gaba. Sitiyari ya yi nauyi, jar fitila ta kama, allurar zafi ta soma hawa. Ya gangara gindin wata darbejiya a bakin wani ƙauye, ya kashe mota, ya waiga baya zai ce, "Yaya, ta tsaya." Sai da ya buɗe baki sannan ya tuna.

Ya laluba ya buɗe bonet. Fambel ya tsinke, yana reto. A ƙarƙashin kujera ya samu wani na gwanjo da Mika'ilu ya ajiye, tare da sifana naɗe cikin tsohuwar hula. Matsalar, bel ɗin motar nan guda ɗaya ne dogo, shi ke juya komai, yana lanƙwasa a kan fuli, zagayayyun ƙarafan nan masu juyi, ta saman wannan ya bi ta ƙasan wancan. Hoton da masu ƙera motar suka manna a jikin bonet don nuna hanyarsa, baƙin mai ya daɗe da shafe shi. Mutum ɗaya ne ya san hanyar nan da ka, yana kwance a baya an lulluɓe shi da zane.

Mutanen ƙauyen suka fito. Da suka leƙa suka ga abin da ke cikin motar, sai suka yi salati, aka kawo ruwa da tabarma. Limaminsu, wani dattijo Malam Hadi, ya yi masa gaisuwa ya zauna gefe. Mai injin niƙan garin ya zo suka kama tare. Suka sa, bel ya yi sako-sako. Suka sake, ya ƙi kaiwa. Da ƙyar suka samu wata hanya da ya ɗame, mota ta tashi, kowa ya yi hamdala. Ko ƙarshen gari bai kai ba lagireto ya tafasa, tururi ya turnuƙe gilashi. Ashe sun bar famfon ruwa yana juyi a baibai. Samari suka turo motar suka maido ta inuwa.

Ya kira Nababa. Nababa ya ce mota ɗaya ce ta rage a garinsu, ba ta da mai, an tura babur da jarka Ɗambatta, an tarar gidajen mai a rufe. Hanyar burjin kuwa tun da ya tsaya ba abin da ya wuce sai amalanke.

Aka yi azahar. Ƙuda suka fara taruwa a gilashi. Wata tsohuwa ta aiko da kasko da turaren wuta aka ajiye a ƙofar motar, ba wanda ya ce don me. Malam Hadi ya matso inda Sama'ilu yake sunkuye.

"Ɗana, zafin nan ba ya jira. Muna da likkafani a masallaci, makabarta ga ta nan kusa."

"Malam, tsohuwarmu tana jiransa."

"Na sani. Amma shi ma yana da haƙƙi a kanmu."

Sama'ilu ya ƙara sunkuyawa. Ya sake zura hannu cikin injin, ƙarfe ya ƙona shi har fata ta tashi, ya kalli wurin kamar hannun wani ne. Waya ta yi ƙara. Nababa ne, ya ce limamin can gida ma ya ce a yi masa sutura a inda yake, an riga an shiga an gaya wa Inna. Sama'ilu ya ce to, irin ta ɗazu.

Mutanen da ba su taɓa ganin Mika'ilu a tsaye ba, su suka yi masa wanka, suka sallace shi bayan la'asar, suka ɗauke shi a kafaɗa suna karɓa-karɓa. Sama'ilu ya shiga kabarin ya karɓi gawar ta wajen kai. Abin da ya iya lura da shi kawai, yatsunsa sun bar baƙin mai a jikin likkafanin, duk da wanke hannun da ya yi.

Ya dawo wurin mota shi kaɗai, ya sunkuya don ya cire bel ɗin. A nan idonsa ya ga abin da ya wuni yana kallo: wasu fuli masu zane ne, wasu sumul. Cikin bel mai zane ya bi masu zane, bayansa ya kwanta a kan masu santsi. Hannunsa ya bi da kansa, ya danne da sifana, bel ya zauna daram. Ko lokacin alwala bai ɗauka ba. Ya tayar, allura ta tsaya inda ya kamata. Bai ji haushi ba, bai ji daɗi ba. Ya rufe bonet, ya yi wa Malam Hadi godiya, ya kama hanya.

Da almuru ya isa gida. Maza a kan tabarmi suka miƙe da suka ga motar, sannan suka koma suka zauna. Ya wuce ɗakin Inna Kulu ya durƙusa. Mika'ilu ɗan farinta ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, yau ma ba ta kira ba.

"An yi masa wanka da kyau?"

"An yi, Inna."

"Mutane sun taru?"

"Sun taru."

Ta ja carbi.

"Wane gari ne? Faɗa min sunan, in riƙe."

Sama'ilu ya lalubi kansa. Ya sha ruwansu, ya yi sallah a masallacinsu, ya bar musu yayansa. Ya tuna darbejiyar, ya tuna kaskon turare.

"Ban tambaya ba, Inna."

Ta ci gaba da kallonsa, tana jiran sunan.