Buhun Irin Gyaɗar da Aka Ce An Ƙone

Shekarun baya, bayan shekarar nan da ciwo ya cinye gyaɗa a ƙasar Kano, mahaifiyata ta rasa irin da za ta shuka a 'yar gonarta ta bayan Tarauni. Da gonar nan take riƙe ƙannena tun rasuwar mahaifinmu. Ta aike ni wurin ƙanenta a ƙasar Damagaram, shi kuwa ya cika mana buhu da ɓararriyar gyaɗa, ya ɗinke.

A bakin iyaka wani jami'i mai duba kayan gona ya soka wuƙa a buhun, ya damtsa ya duba.

"Ina takardar lafiyar iri?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wace takarda tsakanin ya da ƙanenta? Damina ta kusa, ka dubi Allah."

Ya ce doka ce, kada a shigo mana da cuta, ƙonawa za a yi. Na yi magiya har da cire hula, ni da ake ce wa ba na durƙusa wa kowa. Ko kallona bai sake yi ba.

Na iso gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi hannu na dukan cinya. Mahaifiyata ta ji labari, ta ce, "Ka ga wutar da idonka?"

Na ce a'a.

Ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Kawunka ba ya ajiye iri sai ya cuɗe shi da toka da maganin ƙwari. Koma ka gaya musu."

Na ce, "Haba Inna! Idan sun ci ai hakkinmu ne ya kama su."

"'Ya'yansu ne suka ƙwace maka? Tashi, ba na son gardama."

Da sassafe na hau mota ina ƙunƙuni, har yaron mota ya tambaye ni ko mutuwa aka yi mini. Na tarar da jami'in zaune a benci. Ya ce tun jiya aka ƙone, kada in ɓata masa lokaci. Na ce to madalla, dama zuwa na yi in faɗa cewa akwai guba a ciki.

Wallahi ban taɓa ganin mai tumbi ya yi gudu haka ba. Ya nufi bariki yana kiran matarsa, yana ihun a sauke kasko. Abokan aikinsa ma kowa ya yi gidansa. Can sai ga gyaɗar Inna tana fitowa a kwano, a ƙwarya, a faranti, wata har an soya. Allah ya kiyaye, ba a kai ga ba yara ba.

Na ce tunda abin ya zo da sauƙi, a ba ni ɗanyar da ta rage, ko rabin gonar mu shuka. Ya gyara hularsa ya ce doka ta hana. A gabana suka tara ta, suka zuba kananzir, suka ƙyasta ashana.

Ban ƙi dokar ba, na ga abin da ciwo ya yi wa gonakinmu. Da tun ranar farko suka ƙone, da tuni na manta. Abin da yake tafasa mini zuciya har yau shi ne ba su tuna da doka ba sai da suka ga abin ba zai ciyu ba.

Da na gaya wa Inna, ta tambaya ko yaran lafiya. Na ce lafiya. Ta ce alhamdulillahi, ta shiga ɗaki, na jiyo tana kuka.