Faifan Da Na Ɓare Wa Takarda

Ina koyarwa a Dutsin-Ma a ƙarshen shekarun tamanin, gidan da nake haya katanga ɗaya ce ta raba mu da wani ma'aikacin asibitin dabbobi, Kirista ɗan Filato. Yana da 'yar kwamfuta da ƙanensa ya aiko masa daga Turai, wadda ake haɗawa da talabijin. Da ita yake tattara kalmomin yarensu da ya ce suna ɓacewa. Dole sai ya fara sa wani faifai baƙi mai laushi, mai ɗauke da manhajar rubutu, kafin rubuce-rubucensa da ke wani faifai daban su buɗe.

"Malam, wannan guda ɗaya ne," ya gaya mini. "Masu shi sun kulle shi, ba ya kwafuwa."

Da zai tafi allurar shanu wajen Barkiya da Wurma na mako guda, ya ba ni mabuɗin ɗakinsa don in buga tambayoyin jarrabawa. Na gama a kwana biyu. Daga nan raina ya fara raya mini cewa ni malamin lissafi ne, zan iya abin da ya gagare shi. Sau uku ina gwada kwafa a sabon faifai, tana ƙi. Sai na lura da wata 'yar takarda da aka liƙe a gefen nasa, na ɗauka ita ce makullin, na sa farce na ɓare. Ashe ita ke hana a yi rubutu a kansa. Garin sa wannan cire wancan na rikita su, injin ya shafe na asalin.

Na mayar da takardar, na danna ta da babban yatsa.

Da ya dawo ina tsaye ya kunna. Injin ya yi ƙara, bai nuna komai ba. Ya cire faifan ya hura, ya sake sawa.

"Ranar da ka yi aiki lafiya yake?"

"Lafiya lau, Oga."

"To zafi ne. An ce ba sa son zafi."

Har haƙuri ya ba ni, wai da a ce ya lalace kafin in gama, da jarrabawata ta tsaya. Ya rubuta wa ƙanensa, aka ce kamfanin ya daina yi. Ya sayi littafin makaranta ya sake farawa da biro, amma tsofaffi biyu da ya ji kalmomin daga bakinsu sun riga sun rasu. Bayan shekara aka yi masa canjin wurin aiki.

Kwanan baya 'yata ta nuna mini cewa yanzu akwai masu na'urar da ke kwafe irin waɗannan fayafayai har da makullinsu, su buɗe su a kwamfutar zamani. Ta ce da za a samu faifan rubutunsa, watakila a karanta. Na je tsohon asibitin na tambaya. Mai gadi kaɗai ya tuna da shi, shi ma bai san sunan ƙauyensu ba.