Jan Alƙalami a Takardar Ƙosai

Abubuwa da yawa sun wuce ni na manta da su, har da ranar da aka ɗauke ni aiki, amma safiyar da Inna ta miƙo mini takardar ƙosai mai rubutun jan alƙalami ba za ta taɓa fita daga raina ba.

A lokacin ina aikin rezo a Tahoua, wato haɗa na'urori da layukan da saƙo ke bi daga ofis zuwa ofis, daga gari zuwa gari. Hannuna ya faɗa wajen gyara, amma burina ya wuce nan. Ina son in zama mai tsara rezo tun daga tushe, wadda za ta zana wasu su bi. Akwai wata babbar jarrabawa ta ƙwararru da ake yi don haka, sai an fita ƙasar waje, kuma wuni guda ake yi ana amsawa. Na je sau ɗaya na faɗi. Wurin aikinmu suka yarda su sake tura ni sau ɗaya tak. In na ci, ni zan tsara sabon rezon da za a kai garuruwan arewacin Adar. In na sake faɗuwa, za a kawo wani daga Yamai, ni kuwa in ci gaba da bin zanen mutane. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban san inda na kuskure ba. Takardar sakamako ta ce na gaza a fannin tsara rezon da ba ya yankewa idan layi ya samu matsala, alhali a ganina nan na fi ƙarfi. Ni kuma, in faɗi gaskiya, Allah ya yi ni da ji da kai.

Kullum bayan sallar asuba nakan shimfiɗa tabarma in yi bita. Na ƙirƙiro wani kamfani na ƙarya mai rassa a Tahoua, Affala, Kalfu da Bambeye, in zana masa rezo a kan taswirar yankinmu, in rubuta hanyar da kowane layi zai bi. In na gama sai in kalli zanen in yaba wa kaina, in jefa shi cikin kwali. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa kwalin ba ya cika ba.

Inna, mahaifiyata, tana tuyar ƙosai a ƙofar gida tun ina goye. Ran nan na fito zan tafi aiki sai ta tsayar da ni da matsami a hannu, ta ciro wata takarda daga ƙarƙashin faranti.

"Ungo. Wani tsoho yac ce in ba mai zanen ga."

Na karɓa. Zanena ne na shekaranjiya, ya sha mai har ana ganin haske ta cikinsa.

"Inna, da takarduna kike naɗe ƙosai?"

"To da mi zan naɗe? Ke kin yas, ni na tsinta. Sun ma hi takardar siminti tsabta."

Kafin in samu bakin faɗa, idona ya kai kan jan rubutun. A zanen na ja layi biyu daga Tahoua zuwa Affala, don in ɗaya ya yanke ɗayan ya riƙe aiki. An zagaye su duka biyun da jan alƙalami, an rubuta a gefe: "Da damina fa?"

Raina ya ɓaci. Ni da na haddace littattafai masu kaurin tubali, mai sayen ƙosai ne zai yi mini gyara? Na yi tsaki na cusa takardar a jaka. Amma wuni guda tambayar tana bin kaina, har na kusa ɗaure waya a ramin da ba nata ba. Bayan kwana biyu wata takardar ta sake dawowa, zane daban, tambaya iri ɗaya. A ta uku bai ma rubuta komai ba, gajimare kawai ya zana da ɗigon ruwa. Inna ta yi dariya har da riƙe ciki.

Washegari na zauna a kan benci kusa da kasko ina jiransa, fuska a ɗaure. Sai ga shi a kan tsohon keke, siriri, da farin gashi da tabarau mai igiya. Na san shi da gani. Kirista ne daga kudu, ya daɗe a unguwarmu, matarsa ta koyar da rabin yaran layinmu a lakkwal, wato makarantar boko. Abin da ban sani ba shi ne ya yi shekaru yana kafa layukan tarho kafin ya ajiye aiki.

Na gaishe shi, don duk fushina ban kai ga rashin kunya ba, sannan na ce, "Baba, kai ka gyara mini aiki?"

"Ashe mace ta mai zanen," ya ce, yana murmushi. "Ɗiyata, ni ban san na'urorinku na yanzu ba, ko sunansu ban iya karantawa. Amma ƙasag ga na san ta. In kina da lokaci ran Asabar, mu tai in gwada miki wani abu."

Ran Asabar muka kama hanya, shi a kan keke, ni a kan moto, wato babur, ina binsa a hankali, mutane na kallonmu suna dariya. Muka fita bayan gari har muka iso wani kadarko a kan busasshiyar ƙorama, yashi ne kawai a cikinta sai awaki. Ya jingine keken ya buɗe zanena.

"Layinki na hwari, ta ina ya hita gari?"

Na nuna kadarkon.

"Na biyu hwa?"

Na buɗe baki zan ce ai shi ta gabas ya zagaya, sai na tsaya. Ya zagaya ta gabas, gaskiya ne, amma sai bayan ya haye. A takarda layuka biyu ne, kowa da launinsa. A ƙasa kuwa, na tsawon taku talatin, suna kwance kafaɗa da kafaɗa a jikin kadarko ɗaya.

"Kar ki ji kunya," in ji shi. "Ni da hannuna na yi wagga ɓanna ina saurayi. Mun ja layi biyu muna taƙama. Ruwa guda anka yi da sahe, ƙoramag ga ta taho ta kwashe su tare. Kwana da kwanaki ba a jin kowa daga arewa. Tun ran nan in na ga layi biyu, sai na tambaya mi sunka haɗa."

A tsaye a wurin, rana na dukana, na gane abin da ya kayar da ni a jarrabawar farko. Na iya ƙirga layuka, ban iya tambayar abin da suka yi tarayya a kai ba. Maimakon baƙin ciki sai wani daɗi ya kama ni, irin na wanda ya daɗe yana ciwo aka gano masa cutar. Na yi ta dariya ni kaɗai har awakin suka watse.

Daga ranar aka buɗe gidan waya a ƙofar gidanmu, Inna ce shugabarsa. In na gama zane sai in ba ta da kaina, ta ajiye shi daban, ba wanda za a naɗe wa ƙosai da shi sai Baba. Na ce mata ta riƙa ba shi takardar haka nan ba mai, ya ƙi. Wai ya fi gane kuskure in yana tauna. Washegari takarda ta dawo da ja. "Na'ura biyu, amma wutarsu daga inji guda?" Wata rana kuma: "Wa ke riƙe makullin ɗakin na'urorin Bambeye, kuma ina yake zuwa ran kasuwa?" Wannan tambayar ta ba ni haushi, na ce ba ta cikin littafi. Ya aiko da amsa cewa kadarko ma ba ya ciki. Ran Lahadi yana coci, sai Inna ta tara masa biyu ran Litinin, tana tsokanarsa wai karatun ɗiyarta zai sa shi ƙiba.

Da lokaci ya yi na tafi. A ɗakin jarrabawa, can wajen tsakiyar rana, aka ba mu labarin wani kamfani a wata ƙasa mai sanyi, da ya sayi layi biyu daga masu kawo rezo biyu daban, yana neman a tabbatar masa ba zai taɓa yankewa ba. Da a bara ne da na amince na wuce. Sai na ji muryar tsohon nan a kunnena. Na koma cikin tarin takardun da suka haɗo, na tono wata taswira da ba wanda zai so karantawa, ga layukan nan biyu sun shiga gini ta rami ɗaya. Dariya ta kuɓuce mini, mai tsaron ɗakin ya ɗago ya harare ni.

Ranar da sakamako ya iso, Inna ce ta fara sanin na ci, ta ajiye matsami ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Na ce kowa ya yi shiru da bakinsa. Na buga kwafin takardar, na ba ta, da safe ta naɗe ƙosai mai zafi a ciki.

Baba ya zo kamar kullum, ya zauna a benci, ya warware. Ina laɓe a zaure ina leƙensa. Ya gyara tabarau ya karanta, ya sake karantawa. Ya ciro jan alƙalaminsa daga aljihu, ya riƙe shi a kan takardar ya daɗe. Sannan ya mayar da marfin.

"Hwaɗa wa ɗiyata," ya ce wa Inna, "wagga ba ta da gyara."

Na fito da gudu ina kuka ina dariya, na durƙusa gabansa. Ƙosan nan bai ciwu ba sai da ya huce.

Rezon arewa ni na tsara shi, kuma damina nawa ta zo ta wuce yana tsaye. Abin da na koya shi ne, komai kyan abu a takarda, sai ka je ka taka ƙasar da zai zauna a kai, ka kuma saurari wanda ya riga ka taka ta ko da bai san sunan na'urarka ba. Har yau in matasan ofis suka kawo mini zane mai layi biyu suna murmushi, nakan ciro jan alƙalami in tambaye su, da damina fa?