Mai Gangar Noma a Gidan Kallon Yayana

Yayana yana da gidan kallo a Batsari, bayan tasha, kuma da shi yake ciyar da iyalinsa shekara da shekaru. Sai waya ta shiga hannun kowa, 'yan bindiga kuma suka hana mutane fita bayan magariba. Gidan ya fara mutuwa muna gani. Sau da yawa zan leƙa in tarar da shi shi kaɗai, janareto na ta shan mai, akuya na kwance a bakin ƙofa.

Akwai wani tsohon fim na Turawa da yake sawa in babu kowa, fim na ban dariya. Wani saurayi ne gidan rawarsa ya durƙushe, sai ya tafi ƙasar Ayalan neman wani tsohon mawaƙi mai murya kamar ta ladan, wai in ya zo gidan zai cika. Yaya ba ya jin Turanci ko kaɗan, amma ya san inda zai yi dariya tun kafin a iso wurin. Ni kuwa haushi abin yake ba ni. Naka gidan na rushewa, kana zaune kana yi wa na Bature dariya.

Wata safiya ya zo mini da fara'a ya ce, "Tayar da babur, Safana za mu. Mu ma muna da namu mawaƙin."

Na ce, "Yaya, wancan fa fim ne."

Ya ce, "To fim ɗin aljanu suka yi shi?"

Wanda yake nufi wani dattijo ne mai gangar noma, mutumin Babban Duhu. Muna yara, in ya ɗaga murya a gonar gayya, har ƙauye na gaba ake jin sa. Ya baro ƙauyensu kamar yadda mutane da yawa suka baro, yana zaune wurin surukinsa a Safana. Mun same shi a zaure yana tufkar igiya. Bayan doguwar gaisuwa, Yaya ya faɗi abin da ya kawo mu. Tsohon ya ce, "Ɗana, waƙata ta gona ce, ba ta ɗaki ba." Yaya ya yi ta magiya, Baba ka taimaka, Baba ka rufa mini asiri, har ya yarda.

Ranar Juma'a na ɗauko shi da gangarsa. Bayan la'asar aka sa wasan don kowa ya koma gida da ido. Wallahi gidan ya cika. Yawancinsu mutanen ƙauye ne da suka gudo Batsari, daga Babban Duhu da Zakka da Yasore, manoman da suka koma tura baro da ga-ruwa. Yaya na bakin ƙofa da sabuwar hula, sai kallona yake yana ɗaga gira.

Abin da muka manta, mu da muke 'ya'yan manoma, shi ne waƙar noma sunaye ce. Mawaƙi zai kira manomi, ya kira ubansa, ya wasa gonarsa, shi kuma ya ɗaga garma ya amsa. In bai amsa ba, waƙa ba ta gaba.

Tsohon ya buga ganga, ya saki murya. Ya kira na farko, mutumin ya miƙe ya ɗaga hannu tun da babu garma, wuri ya ɗauki shewa. Ya kira na biyu, shiru. Ya sake kira. Sai wani daga baya ya ce, "Baba, ai ya rasu. A gonarsa 'yan bindiga suka same shi." Tsohon ya ce Allah ya jiƙansa, ya juya kiɗa, ya kira wani. Aka ce yana hannunsu a daji tun damina. Ya kira wani kuma, yana wasa gonarsa ta bakin rafi, inda gero ke rufe mahayin doki. Wannan yana nan, a gaba ma yake zaune. Bai tashi ba, sai ya ja hula ya rufe fuskarsa, kafaɗunsa na girgiza.

Tsohon ya ajiye makaɗi a kan ganga, ya sunkuyar da kai.

Mutane suka fara fita ɗaya bayan ɗaya. Da yake Yaya ne a bakin ƙofa, kowa sai ya ba shi hannu ya ce, "Allah ya ba da haƙuri," kamar a gidan makoki, shi kuma yana amsawa da amin. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nasa ranar ba, duk haushina ya tafi.

Da wurin ya watse, Yaya ya ce mini, "Mai da Baba gida kafin rana ta faɗi." Washegari da na biyo ta bayan tasha, na hango Yaya a saman rufin gidan kallon da guduma, yana cire kusoshin kwano.