Wada Kunnen Gari

Wada bai taɓa wuce Kano ba, Kanon ma sau biyu: ɗaya rakiyar mara lafiya, ɗaya sayen rediyo. Amma da ka zauna kusa da shi a farkon shekarun casa'in, sai ka rantse da shi ake shawara kafin a harba bindiga ko'ina a duniya.

An haife shi a tsohon gari, wanda yanzu yake kwance a ƙarƙashin ruwan Tiga. Yana saurayi aka tashe su, aka jibge su a kan wani tudu mai tsakuwa ta wajen Bebeji, aka ce ga sabon gari nan. Ubansa bai daɗe ba ya rasu, wasu suka ce ciwo ne, wasu suka ce baƙin cikin gona. Mutanen da suka gaji fartanya suka koyi kamun kifi ƙarfi da yaji. Suka raba ruwan yadda ƙasar take a da, kowane gida yana kafa kallinsa, wato ragar da ake bari ta kwana a ruwa, a saman tsohon gidansa ko gonarsa. Kawunan busassun itatuwa da suka leƙo daga ruwa su ne iyaka. Gurbin Wada yana gindin wata tsamiya da ta mutu a tsaye, daidai inda rumbunan ubansa suke, kuma duk ruwan ba gurbin da ya kai shi kifin karfasa.

Doka ɗaya ce a wurin, tana hannun Sarkin Ruwa, Baffa Inuwa, ƙanen uban Wada. Kalli da yamma ake kafa shi, da asuba a ɗaga. Wanda ya saba barin kifi yana ruɓewa a raga ya ɓata wa maƙwabta ruwa, sai a karɓe gurbin a ba na kusa da shi. Na kusa da Wada kuwa Labaran ne, wani mai zaƙin baki da gurbinsa bai cika kawo komai ba sai ciyawa.

Shekaru Wada ya yi yana aikinsa ba wanda ya ji kansa. Ya auri Dije, ita ke yin bandar abin da dillalan Kano suka rage. Sai wata shekara da ruwa ya yi albarka ya tafi birni sayen sabon kalli, ya dawo rungume da rediyo mai rakoda, ƙato, mai baki biyu. Kallin dai ba a sayo ba. Washegari ya kai wa tela ya ɗinka wa rediyon riga mai leshi a baki, alhali zanen Dije ya koɗe har ba a gane kalarsa ta asali.

Ba a jima ba yaƙi ya ɓarke a ƙasar Larabawa, Wada ya samu abin yi. Bayan magariba sai ya saɓo rediyon zuwa teburin mai shayi, ya zare eriya a hankali kamar mai fitar da takobi, ya murɗa, ya kasa kunne, sannan ya yi wa jama'a fassarar Hausar da su ma suka ji da kunnensu. Ya haddace sunayen garuruwan da bai san gabas suke ko yamma ba. Yana zana fagen daga da yatsa a kan teburi, gwangwanin madara ya zama runduna, burodi ya zama babban birni. Mutane suna ta "Allah ya ƙara sani," shi kuma yana kumbura.

Labaran ne ya fi kowa yabo. "Malam Wada, ai kai ne kunnen garin nan," in ji shi. "Na yamma kowa yana ji, na safe ne mai zafi, mu kuwa muna kan ruwa. Don Allah gobe ka kama mana shi tun daga farko, kada ka bari ko kalma ta wuce."

Ko yaro ya san inda wannan magana ta nufa, amma ban da Wada. Labarun safe suna farawa daidai lokacin da ake tura jirage cikin ruwa. Da fari ya ce kanun labarai kawai zai ji. Daga kanu sai cikakken bayani, daga nan sai sharhi, wannan tasha tana rufewa waccan tana buɗewa, ai kuwa dole a ji ko bakinsu ya zo ɗaya. Kafin ya isa tsamiya hantsi ya dubi ludayi. Karfasa sun mutu a raga, ciki ya kumbura, ido ya yi fari, motar dillalai ta daɗe da tashi. Ya kawo wa Dije, ta ɗora a wuta, naman ya riƙa zubewa daga ƙaya. Shi kuwa ko a jikinsa, yana ba ta labarin jiragen da ba sa ganuwa a sama, alhali nasa jirgin yana shan ruwa ta ƙasa bai liƙe ba.

Wata safiya Baffa Inuwa ya yi sallama. Ya iske ɗan wansa a kan tabarma, kunne manne da rediyo. Dije ta kawo ruwa, tsohon bai sha ba.

"Wada, kashe abin nan."

"Baffa, yanzu za su faɗi…"

"Na ce ka kashe." Ya jira har aka yi shiru. "Jiya na bi ta tsamiya sai da na toshe hanci. A kan rumbun yayana! Mutane suna cewa ina ɗaga maka ƙafa don kai ɗana ne, kuma gaskiyarsu. To na gama. Duk ranar da rana ta sake fitowa kallinka yana ruwa, Labaran ne zai kafa nasa da yamma."

Wada ya ji tsoro, tsoro na gaske, don tsamiyar nan ita kaɗai ta rage masa daga ubansa. Amma tsohon yana fita ya fara ƙunƙuni, wai ana tsakiyar abin da zai juya duniya, su suna ta kifi.

Dije tana kankare ɓawon kifi, ba ta ko ɗago kai ba. "Malam, wannan ɗan jan maɓallin da kake dannawa ka ɗauki wa'azi a kaset, shi bai iya ɗaukar yaƙi ba ne?"

Ya yi mata dariya, ya ce mata ba su san na'ura ba. Da yamma kuma ya kira ta ya ce ya yi wani tunani. Ya zaunar da ita ya koya mata danna maɓalli biyu tare, da faɗa da gargaɗi, sai ka ce tuƙin jirgin sama yake koya mata.

Haka aka yi. Da asuba Wada ya tafi ruwa, Dije ta danna ja. Sai ga shi ashe hannunsa bai manta aiki ba. Kifi ya riƙa isowa gaɓa yana motsi, dillalai suka koma kiran sunansa tun kafin ya ɗaure jirgi. Ya liƙe ɓular jirgin, ya sayo kallin da ya fasa saye, Dije ma ta ga sabon zane. Bayan azahar yakan zauna a inuwar dalbejiya da ɗinkin raga, ya kunna kaset. An yi luguden wuta, an yi barazana, an yi kira da a kai zuciya nesa. Sai ya jinjina kai ya ce, "Ka ji! Ai na faɗa." Kafin a kai rabi gajiya ta kwashe shi, kaset ya ƙare shi kaɗai. Da yamma ga kafa kalli, ga jiki ya yi laushi, sai ya daina zuwa teburin mai shayi. Mai shayin ya sayi ɗan rediyonsa, majalisa ta ci gaba, ba wanda ya aiko tambayar ko kunnen gari yana lafiya.

Bayan 'yan makonni ƙaiƙayin bakin ya motsa. Wada ya sa babbar riga ya je teburin mai shayi, ya ja gwangwanin madara gabansa, ya gyara murya.

"Ina gaya muku, kwanan nan za a shiga ta ƙasa. Na ji yau da kunnena."

Wuri ya kece da dariya, mai shayi har da zubar da ruwan zafi. Yaƙin ya ƙare tuni, har mutane sun koma gardamar tsadar taki.

Labaran ya dafa shi, fuskarsa cike da tausayi. "Ka ga abin da barin na safe yake jawowa? Kai da kake gaban kowa, yau ka koma bayan yara. Gobe akwai babban jawabi, Malam Wada. Ka kama shi da zafinsa, ka dawo da martabarka."

Wada ya shiga gida yana huci, ya ce Dije ta tozarta shi a gari.

"Ɗan jan ne ya ƙi dannuwa tun tuni," in ji ta, tana juya kifi a kan banda. "Na ji tsoron faɗanka, sai na riƙa mayar da kaset ɗin farko. Na ce gobe za ka gane. Gobe ta yi, ka ce 'Ka ji, ai na faɗa.' Jibi ma haka. To ni me zan ce?"

"Labari ɗaya nake ji duk kwanakin nan?"

"Shi ɗin dai. Kuma ban ga ka rame ba, ban ga kifi ya ƙi kallinka ba."

Kunya ta kama Wada, wadda ta fi ta teburin shayi, don wannan ba shi da wanda zai ɗora wa.

Da asuba bayan salla ya zauna da rediyon a cinya, yatsa a kan abin murɗawa. Daga gaɓa yana jin ana jan jirage a kan tsakuwa. Ya daɗe a haka. Sannan ya zare batiran ya miƙa wa Dije, ya ce ta ajiye sai azahar, in ya dawo ya ji na rana ya isa. Ya ɗauki filafilinsa ya fita.

Gari bai gama wayewa ba ya isa tsamiya. Ga jirgin Labaran yana lilo a gindinta, da sabon kalli a naɗe a ciki, mai shi yana auna wurin da ido. Da ya ga mai zuwa sai ya washe baki.

"A'a, Malam Wada! Yaya aka ƙare da jawabin?"

Wada ya kama igiyar kallinsa, ya ji nauyi yana fizga daga ƙasa.

"Matsa," ya ce. "Kana kan rumbun babana."